Laminet ko katako zalla: wanne za mu shimfiɗa a falo da ɗakunan kwana?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gini. Gininmu ya kusa kammala, an gama daɓen siminti, saura abin da za a shimfiɗa a kai. Kicin da banɗaki tayil za mu sa, wannan babu gardama. Falo da ɗakunan kwana ne muka kasa daidaitawa ni da maigida. Shi katako zalla yake so, wai shi ne abin da jikoki za su tarar. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da laminet, saboda yara ƙanana gare mu, ga jan kujeru ga zubar da ruwa, kuma kuɗinsa bai kai na katako ba. To amma wata ta ce mini laminet takarda ce kawai aka manna a kan kwali, ruwa na taɓa shi ya tashi aiki. Gaskiya ne? Don Allah wanda ya zauna a kan ɗayansu ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Abu_Sadik:
Wa alaikumus salam. Katako, Hajiya. Maigida ya fi ki gaskiya a wannan. Laminet hoton katako ne, ranar da fuskarsa ta cinye sai dai a ɗaye a zubar. Katako kuwa sai a goge shi ya dawo sabo.

Kafinta_Sule:
Wadda ta ce miki takarda ce ba ta yi ƙarya ba, amma rabin zancen ta faɗa. Laminet hawa huɗu ne. Na sama wani ƙaro ne mai tauri da ake kira melamin, an cakuɗa shi da garin aluminiyom oksayid, shi ne yake ɗaukar takun ƙafa da jan kujera. Ƙarƙashinsa takarda ce mai hoton katako, ita ce kike gani. Sai tsakiya, wanda shi ne jikin allon: garin katako ne da aka kwaɓa da gam aka matse da zafi har ya yi tauri sosai, ana ce masa HDF. Na ƙasa kuma wani shafi ne da yake hana allon kantarewa.

Fuskar ba ta jin tsoron ruwa. Ki zuba kofi guda a tsakiyar allo ki goge, babu abin da zai faru. Inda ake jin jiki shi ne gaɓa, wurin da allo biyu suka haɗu. Ruwa ya kwana a nan ya sauka cikin HDF, to zai kumbura, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake.

Kaurinsa daga milimita 6 ne zuwa 12. Ni ba na shimfiɗa wa mutum ƙasa da 8 a falo.

Ummu_Hafsa:
Abin da Malam Sule ya faɗa shi na gani a gidana. Laminet ne a falonmu da ɗakin yara, kuma wallahi ya sha wahala: keke, motar wasa, kujerar cin abinci da ake ja kullum, babu karce ko ɗaya da za ki nuna daga tsaye. Amma bakin ƙofar banɗakin yara bututu ya riƙa yoyo a cikin bango ba mu sani ba. Abin da na fara lura da shi, safa tana maƙalewa idan na taka wajen. Da na duƙa sai na ga bakin alluna uku ya ɗago kaɗan, layin da ke tsakaninsu ya yi duhu. Da aka cire su, gefen ya yi laushi yana marmashewa a hannu kamar biskit da ya sha shayi. Sauran ɗakin lafiya lau. Abin da ya cece mu, mun ajiye kwali biyu na ragowa, sai aka kwance daga bango har zuwa wajen aka musanya.

'Yar uwa, idan kika zaɓi laminet ki sayi ƙari ki ɓoye. Kamfanoni suna canja launi, bayan 'yan shekaru ba lallai ki samu irin naki ba.

Injiniya_Bala:
Kafin a ci gaba da wanne ya fi wanne, Hajiya ina da tambaya biyu. Ɗakunan a ƙasa suke ko a saman bene? Kuma yaushe aka zuba daɓen?

Maman_Iman:
Duk a ƙasa suke, Injiniya, gidan ba bene ba ne. Daɓen bai daɗe ba, amma ya bushe, ya yi fari tas, har ana tafiya a kai.

Injiniya_Bala:
To nan gizo ke saƙar. Saman siminti yana yin fari tun cikinsa na jiƙe. Lissafin da masu aikin suke bi shi ne daɓe yana bushewa kusan milimita 1 a rana a santimita 4 na farko, abin da ya wuce haka kuma ya fi jinkiri. Kin ga ke nan daɓe mai kauri zai iya cin wata biyu ko fiye, musamman idan tagogi a rufe suke ko damina ake ciki. Ban da wannan, ginin da ke ƙasa yana iya jawo danshi daga ƙasa har abada idan ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankaren ba tun farko.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki yanko leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ki shimfiɗa a kan daɓen, ki liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan kika ɗaga kika ga raɓa a jikin ledar, ko simintin wajen ya fi na kewaye duhu, to kada a shimfiɗa komai tukuna, laminet ne ko katako. Ki yi a wurare da yawa, har da kusurwar da rana ba ta kaiwa. Idan ledar ta fito a bushe, wannan bai isa hujja ba, sai a kawo na'urar auna danshi ta tabbatar.

Mafi yawan daɓen katakon da na gani ya lalace, ba katakon ne da laifi ba. Gaggawar tarewa ce.

DanAuta_01:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Akwai tayil mai zanen katako, dogo siriri, idan aka jera shi sai ka taɓa za ka gane. Babu ruwanka da danshi, babu ruwanka da gara, ka kwara ruwa ka wanke.

Maman_Iman:
DanAuta, tayil ɗin muke gudu. Sanyinsa ya dame ni a ƙafa, kuma yaro ya faɗi a kai ba sauƙi. Ga santsi idan ya jiƙe.

Hajiya_Binta:
Bari in yi magana a madadin katako, don na ga an fi yawa a ɗaya ɓangaren. Gidan da muka saya tsoho ne, da daɓen katako a falo wanda aka rufe da kafet shekara da shekaru. Da muka yaye kafet ɗin na ce a cire a zubar, ya yi baƙi, ga tabon gam, ga ramukan ƙusa. Mai aikin ya ce in ba shi dama. Ya kawo babban injin gogewa, ya fara da samfefa mai kaushi. Tafiya ɗaya ya yi daga bango zuwa bango, sai ga wani layi mai haske launin zuma ya fito a tsakiyar baƙin nan, jijiyoyin itacen duk sun bayyana, ɗakin ya cika da ƙamshin sabon katako. Ya bi da mai laushi, ya cike ramukan, ya shafa man katako har hawa uku. Duk wanda ya shigo yanzu sai ya tambaya yaushe muka sa sabon daɓe.

Katakon nan ya girmi 'ya'yana duka. Ku nuna mini laminet ɗin da za a yi wa haka.

Amma kada in ɓoye miki, Maman Iman: aikin gogewar ƙura gare shi ba kaɗan ba, sai an fitar da kaya kaf, kuma sai kun bar ɗakin har man ya bushe.

Abu_Sadik:
Allah ya saka da alheri, Hajiya Binta. Abin da nake nufi ke nan tun farko. Katako zalla kaurinsa yakan kai milimita 18 zuwa 20, kuma akwai wajen milimita 6 na nama a sama kafin a kai ga harshen da yake shiga cikin ɗan'uwansa. Kowace gogewa milimita 1 take ci ko ƙasa da haka. Ku yi lissafi da kanku. Kuɗin da ka kashe sau ɗaya ne, laminet kuwa sai ka saya sau biyu ko uku a rayuwar gida ɗaya.

Kafinta_Sule:
Malam Abu Sadik, lissafinka daidai ne idan katakon ya zauna lafiya. Amma ka koma ka karanta abin da Injiniya ya rubuta. Gidan Hajiya a ƙasa yake, a kan siminti. Katako zalla ba a buga masa ƙusa a siminti. Ko dai a shimfiɗa leda, a ɗora filawud ko a jera sanduna, sannan a buga shi a kai, ko kuma a shafe simintin da maganin tare danshi a manna shi da gam na musamman. Hanya ta farko tana ɗaga ƙasan ɗaki da santimita 3 zuwa 4 ko fiye, sai an rage ƙofofi, kuma za a samu tudu tsakanin falo da kicin.

Sannan itace ko an sare shi bai daina motsi ba. Iska ta yi laima ya sha ya buɗe, iska ta bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsin, ta tsawo kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa lokacin rani za ka ga tsaga tsakanin alluna har ƙura na shiga, damina ta zo su rufe. Idan ƙasan allon ya fi samansa danshi, gefuna biyu su ɗago tsakiya ta lotsa, ka ji shi gargada-gargada a ƙafa. Allo mai faɗi ya fi siriri yin wannan. Duk inda rani da damina suka yi nisa da juna wajen laima, sai an yi wa katako zalla tanadi sosai.

Nas_Rukayya:
Ni wani abu daban ne yake damuna, tunda an ce akwai ƙananan yara masu rarrafe. Na ji an ce gam ɗin da ke cikin laminet yana fitar da sinadarin fomaldihaid. Yaya gaskiyar wannan?

Injiniya_Bala:
Akwai shi, Malama Rukayya, a gam ɗin da ake haɗa HDF da filawud da yawancin kabad ɗin da ke gidajenmu ma. Abin dubawa shi ne yawan da yake fitarwa. A jikin kwalin ki nemi alamar E1, wato ma'aunin Turai, ko CARB 2 na Amurka. Kayan da babu ko ɗaya a jikinsa, babu sunan kamfani, babu takardar bayani, a bar shi ko da ya fi kyau a ido. Katako zalla ba shi da wannan gam a cikinsa, amma man da ake shafa masa shi ma yana da wari mai ƙarfi kafin ya bushe, musamman wanda ba na ruwa ba. Kowanne aka sa, a buɗe tagogi iska ta ratsa kafin a shigo da yara.

Ummu_Hafsa:
Tunda ana maganar abin da ke jikin kwali, a duba lambar AC ma. Daga AC1 take zuwa AC6, tana nuna juriyar fuskar ga gogayya. AC3 ya isa gida, AC4 ana sa shi har a ofis da shago. Namu AC4 ne.

Baban_Khalifa:
Ina bin zancen nan tun ɗazu. Wani abu da ba wanda ya ambata shi ne ƙara. Na zauna a gidan haya mai laminet, in mutum ya taka da takalmi mai tauri sai ka ji ƙwas-ƙwas, kamar ƙasan fanko ne. Cokali ya faɗi duk gidan sai an ji. Katako da aka buga ko aka manna sautinsa a dunƙule yake, ƙafa ma tana jin bambanci. Kuma in ka zauna ka ƙura wa laminet ido, za ka ga kullin itace iri ɗaya sak ya maimaitu a nan da can, don hotunan ƙididdigaggu ne. Tun da na gano wannan idona bai daina ganinsa ba.

Kafinta_Sule:
Baban Khalifa, ƙarar nan rabi daga shimfiɗar ƙasa take. Laminet ba a manna shi, ba a buga masa ƙusa, allunan suna kama juna ne kawai su kwanta a kan soso. Masu gidajen haya da yawa soso mafi siriri suke sawa, wani lokaci a kan daɓen da bai daidaita ba. In akwai kwari a ƙasa, allon yana lotsawa duk taku, ga ƙara, ga harshen gaɓar yana karyewa a hankali. Ni ina ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe mai mita 2 a kan daɓen, in na ga rata ta wuce milimita 3 sai an cike. Bayan nan leda, sannan soso mai nauyi ko na ɓawon itace irin wanda ake toshe kwalba da shi.

Maimaicin hoto kuwa gaskiyarka ne. Mai aikin kirki yana buɗe kwali uku ko huɗu lokaci guda yana gauraya, don kada tagwaye su kwanta kusa da juna.

Zainab_Ado:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Wai katako ba ya fi laminet tauri ba? Na ga ana ta cewa laminet ya fi jure yara.

Injiniya_Bala:
Tauri iri biyu ne, Malama Zainab. Akwai jure karce, akwai jure lotsawa. Wajen karce laminet mai kyau ya fi, saboda fuskar nan da Malam Sule ya bayyana. Katako kuwa man da ke kansa ne yake karcewa, yashi a tafin takalmi ma ya isa ya dusashe shi. Wajen lotsawa ya danganta da irin itacen. Akwai ma'aunin Janka, ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse a katakon, a auna ƙarfin da aka sa. Jan itacen ok yana da 1,290, farin ok 1,360, tik wajen 1,070, ipe na Kudancin Amurka ya haura 3,500, farin fayin kuwa 380 kacal. Don haka kalmar katako ita kaɗai ba ta gaya miki komai ba sai kin san wane itace ne.

Bambancin da ya fi muhimmanci a wurina: abu mai nauyi ya faɗo a katako, zai lotsa amma launinsa ɗaya har ciki, ana iya cikewa a goge. Ya faɗo da tsini a laminet, fuskar ta ɓantare, sai ki ga launin ruwan ƙasa na HDF a fili.

DanAuta_01:
To gara fa? Kowa ya yi shiru a kanta.

Hajiya_Binta:
Gara ba ta bar ko ɗaya ba, ɗana. Shi ma laminet cikinsa garin itace ne. Inda ake fama da ita, sai an yi feshin ƙasa tun wajen gini, kuma danshi ne yake kiranta. Wasu itatuwa irin su tik da iroko ba ta cika son su ba.

Mal_Tanko_Magini:
Na zo a makare. Maman Iman, ke da maigida kuna jayayya a kan abu biyu alhali akwai na uku a tsakani. Akwai katako mai hawa-hawa: samansa itace ne na gaske, mai kaurin milimita 3 zuwa 6 a masu kyau, ƙasansa kuma fale-falen katako ne da aka giciye juna. Giciyewar nan ita take rage masa buɗewa da tsukewa, shi ya sa ya fi katako zalla zama lafiya a kan siminti. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Kährs na ƙasar Suwidin ya yi rajistar fasaharsa tun 1941. Shi kansa laminet daga Suwidin ya fito, kamfanin Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, wanda aka sani da sunan Pergo.

In aka gama shimfiɗa shi, ko kafinta ba zai bambanta shi da katako zalla daga sama ba. Maigida ya samu itacensa, ke kin samu sauƙin danshi.

Abu_Sadik:
Malam Tanko, sau nawa za a iya goge shi? Nan ne maganar take.

Mal_Tanko_Magini:
Mai milimita 4 a sama zai ɗauki gogewa biyu, wataƙila uku a hannun gwani. Mai milimita 1 ko ƙasa da haka kada ma a kusance shi da inji. Kuma in tambaye ka, gida nawa ka sani da aka goge daɓensu sau biyar? Yawanci sai an shekara goma ko fiye kafin a buƙaci gogewa mai zurfi.

Abu_Sadik:
Na yarda ya fi laminet. Ban yarda ya kai katako zalla ba. Gam ne ya riƙe shi, kuma ranar da ruwa ya kwanta a kansa fale-falen suna iya rabuwa.

Ummu_Hafsa:
Ranar da ruwa ya kwanta ai babu wanda zai tsira a cikin ukun, Malam. Ni dai har yanzu ina kan bakana: mai ƙananan yara ta sa laminet mai kyau, ta huta da faɗan kada a ja kujera, kada a shigo da takalmi. In sun girma, kuɗi ya samu, a ɗaga shi cikin yini guda a sa katakon, tunda ba manne yake ba. Akwai ma sababbi da ake shafe gaɓoɓinsu da maganin ruwa, suna jure jiƙa na wasu awoyi. Shara da busasshen tsumma ko wanda aka matse sosai, shi ke nan. Injin goge ƙasa mai tururi ne kawai ba a sa masa, shi da katako duka.

Zainab_Ado:
Me zai hana a raba? Katako a falo inda baƙi suke gani, laminet a ɗakin yara.

Kafinta_Sule:
Ana yi, Malama Zainab, sai dai a lura da tsayi a bakin ƙofa don kada a riƙa tuntuɓe. Ni da za a bi tawa ma juyawa zan yi: falo ne yake shan yashi da zirga-zirga, ɗakin kwana kuwa ƙafa ba takalmi, katako ya fi daɗewa da kyansa a can.

Kowanne aka ɗauka, a bar rata ta milimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da bango ko'ina, har da jikin bututu da ginshiƙin ƙofa, katakon gindin bango zai rufe ta. Na sha zuwa gyaran falon da ya yi tozo a tsakiya don kawai an matse allunan da bango. Laminet a ajiye shi a kwance cikin ɗakin awa 48 kafin a fara. Katako zalla ya fi haka nesa, sai na'ura ta nuna danshinsa ya daidaita da na gidan.

Maman_Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya, mun yi gwajin ledar a wuri huɗu. Uku sun fito a bushe, amma na kusurwar falo ta wajen bangon baya da na ɗaga akwai raɓa, simintin ma ya yi duhu daidai faɗin ledar. Mun ce wa mai aikin ya dakata. Maigida ya karanta bayanin Malam Tanko, ya ce zai je ya ga mai hawa-hawan da idonsa, ni kuma maganar Ummu Hafsa ce take ta yi mini yawo a kai. Wannan kusurwar, jira kawai za mu yi ko akwai abin da ya kamata a duba?

Injiniya_Bala:
A duba bayan bangon ta waje tukuna: ko ruwan rufi a nan yake zuba, ko ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, ko akwai bututu da ya bi ta wajen. A tambayi maginin kuma ko ya sa leda a ƙarƙashin kankaren. In babu ɗaya daga cikin waɗannan, a buɗe tagogi, a sa fanka tana kaɗawa, a sake gwajin bayan sati biyu. In raɓar ta dawo a wuri ɗaya, to ba ruwan kwaɓi ba ne, daga ƙasa yake tasowa, sai an shafe daɓen da maganin tare danshi kafin a ɗora masa komai.

Mal_Tanko_Magini:
In maigida zai je dubawa, Hajiya, ya ce a ba shi guntun allo ya kalle shi ta gefe, ya auna kaurin itacen saman da kansa. Ya karɓo guntun laminet ɗin ma, ku kawo gida ku ajiye a falon ku gan su da hasken rana da na fitila.